Yadda na ciro bikin Yaya daga faifan DVD na matse shi, hoton bai dagule ba

Bayan ƙaramar sallah da kwana biyu Hajiyarmu ta ce min tana so ta sake kallon faifan bikin Yaya, wanda aka yi a 2009. Ba ta faɗi dalili ba amma duk wanda ke ɗakin ya gane, Baba ne a ciki. Shi kaɗai ne bidiyon da muke da shi da Baba yake motsi yana magana, wajen ɗaurin aure, sai kuma can ƙarshe da dare lokacin da za a tafi da amarya aka kawo ta gabansa ya yi mata nasiha. Allah ya jiƙansa da rahama, bana shekara huɗu kenan. Hotunansa muna da su da yawa, amma murya babu sai a wannan faifan.

Na samo faifan a cikin akwatin ƙarfenta, cikin leda tare da tsofaffin takardun makarantarmu. Guda uku ne ma, DVD biyu na bikin, ɗaya na kamu da yini ɗaya na ɗaurin aure da kai amarya, sai VCD ɗaya na walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanena, shi wannan faifan ya girme su da wasu shekaru. Na'urar DVD ɗin gidan ta daɗe da mutuwa, laftof ɗina kuma irin na yanzu ne babu wajen saka faifai ko kaɗan, to sai na yi abin da kowa zai yi, na ɗauka na kai kasuwa wajen masu tura finafinai a waya na ce a juye min a fulash. Yaron ya karɓa da mutunci ya ce Yallaɓai ka dawo bayan la'asar. Na dawo ya miƙo min fulash, faifai mai giga huɗu da ɗoriya ya koma mega 280, har yana nuna min cewa ga shi ko a ƙaramar waya zai yi.

Da dare muka jona a talabijin. Wallahi sai da na ji wani abu a ƙirjina. Fuskar Baba ta zama kamar an shafa mata laka, aikin wuyan babbar rigarsa da na san aska takwas ne ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya, duk wanda ya motsa sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, wajen dare kuwa baƙi ne kawai da inuwar mutane. Hajiya ta kalla shiru na ɗan lokaci sannan ta ce "kai kuwa haka faifan ya tsufa?" Na ce a'a Hajiya, ki ba ni mako guda.

Ban riƙe yaron a rai ba, saitin da yake yi wa kowa ne, yawancin masu zuwa wajensa so suke fim goma ya shiga memori ɗaya, don haka yake rage faɗin hoton ya dawo ɗan mitsitsi ya kuma shaƙe shi. Ga fim ɗin da za ka kalla sau ɗaya a mota ka goge babu damuwa. Ga bidiyon mahaifinka da ya rasu kuwa ba haka ake yi ba. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne da na biye wa zuciya na ce ai yanzu yana fulash na watsar da faifan, da shi kenan wannan lalataccen ne zai rage mana har abada, kuma na san gidaje da yawa abin da ya faru kenan.

Sai na sayi irin direban DVD ɗin nan na waje da ake jonawa ta USB na zauna na koyi abin da kaina, kuma abin da na fara fahimta shi ne wanda nake so kowa ya fara ji kafin maganar saiti. Maganar "matsewa ba tare da an rasa komai ba" in za a faɗi tsakani da Allah babu ita, in dai fayil ɗin zai ragu sosai to wani abu ya fita. Abin da ake iya yi shi ne a sa abin da zai fita ya zama wanda ido ba ya gani. Bidiyon da ke cikin DVD shi kansa an riga an matse shi da wani tsari na shekarun 1990 da ake kira MPEG-2, to daga baya a 2003 aka fito da H.264 wanda ya fi shi dabara nesa ba kusa ba, yana iya riƙe kusan hoto iri ɗaya a rabin wuri ko ƙasa da haka, wannan ratar da ke tsakaninsu ita ce ribar da muke ci. Amma duk sanda aka sake matsa bidiyo sai ya ɗan rage, kamar fotokwafi ne, in ka yi daga asalin takarda zai fito tas, in ka yi fotokwafin fotokwafin fotokwafi rubutun sai ya fara cinyewa. Shi ya sa matsawa sau ɗaya ake yi, kuma daga asali, ba daga wanda wani ya riga ya konbata ba.

To aikin farko ba matsawa ba ne sam, kwafe faifan ne yadda yake ba a taɓa komai ba. Kafin nan na goge shi da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba. Dalili shi ne bayanan a zagaye suke kwance, in ƙyallen ya yi ƙarce a zagaye zai bi layin ya cinye dogon wuri, in a miƙe ne kuwa ɗan kaɗan zai taɓa a kowane layi kuma na'urar tana iya gyara wannan da kanta. Mutane suna ta ba ni shawarar man goge baki, ni dai ban sa ba kuma ba zan ce wani ya sa ba sai in an gwada komai an kwafe abin da zai kwafu tukuna, don in ya ƙara lalacewa babu na biyu.

In ka buɗe DVD a kwamfuta za ka ga folda mai suna VIDEO_TS, cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Bidiyon yana cikin VOB, an yanka shi gunduwa-gunduwa kowane bai wuce giga ɗaya ba, IFO kuma shi ne yake gaya wa na'ura yadda za ta jera su, BUP kwafinsa ne na ko-ta-kwana. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki VOB ɗin ɗaya bayan ɗaya a konbata, sai ka ga a mahaɗa hoto ya yi tsalle ko murya ta riga baki. Gara a ɗauki faifan gaba ɗaya. Ni hanya biyu na bi, na yi ISO wato hoton faifan dungurungum har da menu ɗinsa mai furanni da mai bidiyon ya yi, sannan na yi amfani da wata manhaja mai suna MakeMKV wadda take ciro bidiyon da muryar ta zuba su a fayil ɗaya na MKV ba tare da ta sake matsa komai ba. Girman zai fito kusan daidai da na faifan, DVD mai hawa ɗaya giga 4.7 ne a rubuce, kwamfuta kuma za ta nuna maka wajen 4.37, mai hawa biyu 8.5. Wannan shi ne ainihin "babu asara", ko ɗigo bai ragu ba. Abu ɗaya da za a lura, MakeMKV yana tsallake duk wani yanki da bai kai sakan 120 ba in ba ka canja a saitinsa ba, a namu akwai ɗan guntun da aka jera hotunan ango da amarya da ya ɓace sai da na rage lambar ya bayyana.

Faifan farko ya kwafu lafiya cikin minti ashirin da wani abu. Na biyun, wanda nake nema ɗin, ya je kashi tamanin da wani abu ya tsaya, direban sai ƙara yake yana komawa baya yana sake gwadawa. A nan na koyi cewa faifai daga tsakiya yake fara rubutu ya nufo baki, ma'ana ƙarshen bidiyo yana can gefen da hannu ya fi taɓawa kuma ya fi samun ƙarce, kuma ƙarshen bidiyon namu shi ne kai amarya, shi ne nasihar Baba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Wani abokina da muka yi makaranta tare shi ya nuna min ddrescue, wata 'yar manhaja ce ta GNU da ake amfani da ita a Linux, wani tsarin kwamfuta ne kamar Windows, muka kunna nau'insa da ake kira Ubuntu daga fulash ba sai an goge Windows ba. Bambancinta da kwafi na yau da kullum shi ne in ta tarar da wurin da ya ƙi karantuwa ba ta tsayawa, tsallakewa take ta kwashe duk mai lafiya tukuna, sannan ta dawo ta dinga bin wuraren da suka ƙi a hankali, kuma tana ajiye wani ɗan fayil da ake kira map da take rubuta inda ta samu da inda ba ta samu ba, don haka ko an ɗauke wuta ka dawo daga inda ta tsaya za ta ci gaba. Abin da muka rubuta kenan:

ddrescue -b 2048 -r 3 /dev/sr0 biki.iso biki.map

Ta kwana tana yi. Da safe saura ɗan kaɗan da ya ƙi, sai abokin nawa ya ce mu gwada da wani direban, muka je gidansu muka sa a tsohuwar kwamfutar tebur ɗinsa da wannan fayil ɗin na map, ita kuma ta karanto mafi yawan abin da tawa ta kasa, don idon kowane direba daban ne. A ƙarshe abin da muka rasa bai kai sakan biyu ba, kuma ya faɗo ne wajen da motoci suke juyawa a ƙofar gida. Alhamdulillahi. Irin faifan da masu bidiyon biki suke ƙonawa, DVD-R, ba kamar na kamfani da ake bugawa da inji ba ne, wani sinadari ne kamar rini a ciki da leza take ƙonawa, zafi da rana da daɗewa suna cinsa, to ku tuna irin zafin da ɗakunanmu suke yi a Afrilu, shekara goma sha a cikin akwatin ƙarfe. Duk mai irin wannan faifan a gida don Allah kar ya jira.

Sai da na ajiye ISO da MKV ɗin a wuri biyu sannan na fara maganar matsawa, da manhajar HandBrake, kyauta ce kuma tun 2003 ake amfani da ita. Da ka buɗe za ta zaɓa maka saitin Fast 1080p30, kar ka bar shi a haka, sauka ka nemi HQ 576p25 ka fara daga nan, saboda mu a Najeriya tsarin PAL muke, hoton DVD ɗinmu 720 ne a 576, firam 25 a sakan. In faifan daga Amurka aka aiko shi to NTSC ne, 720 a 480, sai ka ɗauki na 480p30. Kuma kar ka yarda ka ƙara masa girma wai ya zama HD, babu abin da zai ƙaru sai nauyi, abin da kyamara ba ta ɗauka ba a 2009 ba za a same shi yau ba, talabijin ɗin da kansa zai buɗa hoton ya cika fuska. Rage shi kuma shi ne abin da ya kashe na kasuwa. A bar shi a yadda yake. Akwai wani wuri da aka rubuta Anamorphic, a bar shi a Automatic, shi ne yake hana mutane su fito sirara dogaye ko gajeru masu faɗi, saboda ɗigon hoton DVD ba murabba'i ba ne, 720 ɗin nan ana ɗan ja shi ne lokacin kallo ya zama 768 in tsohon fasali ne na 4:3 ko 1024 in mai faɗi ne. Sannan a duba wajen Cropping, manhajar tana yanke baƙin gefe da kanta, a bidiyon da ya yi duhu takan iya yin kuskure ta yanke har da hoto, ni sai da na duba da idona.

Babban abin shi ne lambar RF, a shafin Video ƙarƙashin Constant Quality. Maimakon ka ce wa manhajar "ina so ya zama mega kaza", ce mata kake yi "riƙe min kyau kaza, ko nawa ya kama", sai ta kashe wuri da yawa inda ake rawa da liƙi da motsi, ta yi tsimi inda liman yake zaune yana addu'a babu mai motsi. Lambar a juye take, ƙarama ta fi kyau ta fi nauyi. Su masu HandBrake ɗin sun ba da shawarar 18 zuwa 22 ga bidiyo irin na DVD, kuma a ƙiyasi duk sanda ka ƙara 6 girman fayil yana raguwa kusan rabi, in ka rage 6 ya ninka. Na gwada 22, 20, 18 da 16. A 22 a waya ba ka ganin komai amma a talabijin bangon da ke bayan Baba da dare yana ɗan yin tabo-tabo, a 20 ya ragu, a 18 na kasa bambanta shi da asalin duk yadda na ƙura ido, 16 kuma nauyi kawai ya ƙara min. Na tsaya a 18. Wani zai ce 20 ta isa kuma ba zan yi musu ba, ga bikin da aka ɗauka da rana tsaka ta isa ɗin.

Ƙasa da nan akwai Encoder Preset, wani abin ja daga Ultrafast har Placebo. Wannan haƙurin manhajar ne, in ka ba ta lokaci za ta fi neman dabarar adana hoton a ƙaramin wuri. Na sa Slow. A tsohon laftof ɗina mai Core i5 faifai ɗaya ya ci fiye da awa ɗaya, fanka tana ta ihu, na ɗora shi a kan tire don ya sha iska. Za ka ga wasu zaɓin masu NVENC ko QSV a jikin sunan, waɗannan katin hoto suke amfani da shi, gudu kamar walƙiya, amma a girma ɗaya x264, wato zaɓin H.264 ɗin da ke wahalar da kwamfutar, ya fi su fitar da kyau, kuma aikin da za ka yi sau ɗaya a rayuwa ina amfanin gaggawa.

Yanzu abin da ya fi ba ni wahala, wanda kuma ban taɓa jin wani mai tura bidiyo ya ambata ba. Gwajina na farko da na kalla a kwamfuta, duk sanda wata ta ɗaga hannu za ta yi liƙi sai in ga gefen hannun ya yi layi-layi kamar haƙoran mataji. Na ɗauka faifan ne ya lalace, ashe ba haka ba ne. Kyamarorin wancan lokacin don tsohon talabijin mai ƙeya aka yi su, ba sa ɗaukar cikakken hoto a lokaci ɗaya, rabi-rabi suke ɗauka, layuka na ɗaya da uku da biyar yanzu, sai na biyu da huɗu da shida bayan ɗan ƙiftawa, sau 50 a sakan, talabijin mai ƙeya kuma haka yake nunawa don haka ba a gani. Allon yanzu kuwa haɗe rabin biyu yake yi ya nuna tare, to abin da ya motsa tsakanin rabin farko da na biyu shi ne yake fitowa da haƙora. In ka matsa bidiyon da haƙoran a jiki sun zauna kenan, kuma suna cin wuri a banza don manhajar tana ɗauka wani ado ne da ya kamata ta adana. Maganinsa yana shafin Filters wajen Deinterlace, akwai Decomb da Yadif da Bwdif. In ka bar shi a yadda ya zo zai goge haƙoran ya ba ka firam 25, ba laifi. Amma ni da na kwatanta sai na ga rawar 'yan mata wajen kamu tana ɗan tsinkewa, ba ta tafiya sumul kamar yadda na tuna ta a talabijin, dalili kuwa an zubar da rabin motsin ne. Sai na zaɓi Bwdif na sa shi a Bob, na koma shafin Video na mayar da Framerate 50, ma'ana kowane rabi an cika shi ya zama hoto mai zaman kansa. Kai, bambancin a fili yake, mayafi in ya kaɗa kana ganin kaɗawarsa, kamar kana tsakar gidan. Fayil ɗin ya ɗan ƙara nauyi amma ba ninki ba. Ga duk bidiyon da aka ɗauka da kyamarar biki ni wannan nake ba da shawara, in ka manta ba ka canja Framerate ɗin ba kuwa aikin Bob ɗin ya tafi a banza, na yi wannan sau ɗaya sai da na sake.

Wajen dare kuma akwai wani yashi-yashi da yake yawo a hoton saboda ƙarancin haske, fitila ɗaya ce a kan kyamarar sai ƙwan janareta. Wannan yashin yana cin wuri sosai. Akwai Denoise, NLMeans, da yake wanke shi, na gwada a Medium sai na ga ya wanke har da furfurar gemun Baba da zanen lallen hannun Yaya, fuskoki suka yi santsi kamar na roba, na cire da sauri. A Ultralight na bar shi a faifai na biyu, na farkon kuma ban sa masa komai ba. Gara yashin da fuskar da ba tasa ba.

Murya kuwa ban yarda an taɓa ta ba. Ta faifan a tsarin sauti na AC3 take, na zaɓi AC3 Passthru wato a wuce da ita yadda take, sannan na ƙara layi na biyu a tsarin AAC, na sa Bitrate ɗinsa a 192, saboda wasu wayoyin ba sa buɗe AC3 sai ka ga hoto babu sauti. Murya ba ta da nauyi in aka kwatanta da hoto, babu dalilin yin rowa a nan.

Kar ka sa faifan gaba ɗaya kana gwaji, lokaci zai ƙare maka. A saman HandBrake wajen Range ka canja zuwa Seconds ka yanki minti ɗaya ko biyu daga wuri mafi wuya, ni na ɗauki wurare uku, rawa, dare, da kuma inda kyamara ta matso kusa da fuska. Sai in buɗe asalin da sabon a VLC in tsayar da su a wuri ɗaya in dinga kallon abu uku, aikin wuyan riga, zanen atamfa, da bango mai duhu, nan ne ɓarna take fara nunawa. Kuma a talabijin ɗin da za a kalla za ka gwada, allon waya yana rufa asiri da yawa.

Sakamako, faifan ɗaurin aure mai awa ɗaya da minti hamsin ya tashi daga giga 4.1 ya dawo 1.7, ɗayan kuma 1.4. Na san wani zai ce me ya hana ka H.265, wanda ya fito a 2013 kuma ya fi matsewa. Na gwada, ya ƙara ragewa, amma talabijin ɗin Hajiya da na sa fulash ɗin cewa ya yi bai san fayil ɗin ba, tsohuwar wayar Gwaggo ma haka. H.264 a cikin MP4 kuwa babu inda na sa ya ƙi. MP4 da MKV ɗin nan mazubi ne kawai, kamar kula, abincin da ke ciki shi ne H.264 ko MPEG-2, don haka canja wa fayil suna daga wannan zuwa wancan ba ya ƙara kyau ba ya ragewa. Wani abin kuma, fulash da yawa a tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, asalin MKV ɗina ya ƙi shiga duk da akwai wuri sai da na mayar da fulash ɗin exFAT, amma na talabijin na bar shi a FAT32 don tsofaffin talabijin sun fi ganewa da shi.

VCD ɗin walimar ƙanena kuwa ban matsa shi ba ko kaɗan. VCD hotonsa 352 a 288 ne, MPEG-1, dama can a ƙuntace yake, duka-duka faifan bai wuce mega 800 ba, me za ka rage a ciki? Bidiyon yana foldar MPEGAV da suna AVSEQ01.DAT, na ciro shi da wata manhaja mai suna ffmpeg na mayar MPG ba tare da sake matsawa ba, shi kenan. Abin lura da shi dai, a CD bayanan suna daf da saman da ake rubutu a kai ne, ƙarce a sama ya fi na ƙasa illa, kar a rubuta masa suna da biro, a DVD kuwa a tsakiyar roba biyu suke.

Da na gama 'yan uwa kowa yana cewa a turo masa. In ka tura a WhatsApp a matsayin bidiyo zai sake matse shi ya mayar da kai inda yaron kasuwa ya bar ka, a matsayin Document ake turawa, yana ɗaukar har giga 2 kuma ba ya taɓa shi, dalilin da ya sa na ji daɗi da nawa bai kai biyun ba. Asalin kuma, ISO da MKV ɗin, suna cikin hard disk ɗina na waje, kwafi ɗaya yana gidan Yaya a wani garin, ɗaya na ɗora a Google Drive cikin giga 15 ɗin da suke bayarwa kyauta, na yi shi da datar dare cikin kwana uku. Fulash kaɗai ba ma'aji ba ne, ga na jabu sun cika kasuwa, a rubuta 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, zai nuna maka ya karɓa sai ranar da ka buɗe ka tarar da wayam, ni duk wanda na saya sai na gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin girmansa tukuna. Faifan ma ban yar ba, na saya musu gida na roba na jera su a tsaye cikin durowa inda rana ba ta kaiwa. Duk wannan da nake faɗa a kan faifan gidanku ne, biki, suna, walima, sauka, ba finafinan mutane da suka zuba kuɗinsu a kwafe a dinga rabawa ba, masu sana'ar nan sun sha wahalar wannan abin ya isa.

Ranar Juma'a da daddare na sake jona fulash ɗin. Yaya ta zo da yaranta, babbar tata ba ta wuce shekara takwas ba lokacin da Baba ya rasu, ƙaramin kuma bai ma san shi ba. Muka wuce kamu da sauri, muka zo ɗaurin aure, ga aska takwas ɗin nan zare-zare, ga hularsa da ya ɗan karkata ta gefe yadda ya saba. Da aka zo wajen nasihar ɗakin ya yi tsit, ana jin har ƙarar janaretan maƙwabta a cikin bidiyon, yana cewa ta yi haƙuri ta riƙe sallah, muryarsa tana ɗan rawa a ƙarshe. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Ƙaramin ya matsa jikin talabijin ya sa yatsa yana tambaya wannan ne Alhaji? Hajiya ta ce shi ne, sannan ba ta juyo ba ta ce min "mayar da shi baya kaɗan." Na mayar. Sau uku ta sa na mayar.

Da za su tafi Yaya ta ce akwai kaset na bidiyo irin babba na da a wajen Kawu, na bikin su Hajiya da kansu, in bai riga ya yi fumfuna ba. Shi wannan sai an samo na'urar kaset mai aiki da abin jona ta da kwamfuta tukuna, na riga na kira Kawu na ce don Allah kar ya bari kowa ya saka shi a komai, ranar Asabar ina zuwa.